Inna Ba Ta Sakin Jiki Sai Da Waƙa, Yaya Kuma Ya Ce Haramun Ne

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Unguwan Rimi, gidanmu kuma yana Tudun Wada. Mahaifinmu ya rasu shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan. Tun da Inna ta fita takaba ba ta koma yadda take ba. Matar da kafin a kira asuba ta hura wutar waina, yau tandarta na kife a bayan ɗaki. Ta daina zuwa Islamiyya, ba ta zuwa suna, ba ta zuwa biki. Ta rame. Ƙarfe uku na dare sai a gan ta zaune a bakin gado. In an yi mata magana sai ta ce, "Ni me ya rage mini?" Likitan da ke duba ta saboda hawan jini ya rubuta mana takarda mu je asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, yayyena suka ce uwarsu ba mahaukaciya ba ce. An yi tofi, an sha rubutu, an yi ruƙiyya.

Ran nan na je gida da jaririyata tana ta tsala kuka, sai Inna ta karɓe ta, ta ɗora a kafaɗa, ta fara yi mata waƙar reno. Daga nan ta zarce da wata waƙar niƙa ta garinsu can wajen Maƙarfi, wadda rabona da jin ta tun ina firamare. Ta yi kuka sosai, amma ranar ta ci tuwo ba tare da an lallashe ta ba, har ta tambaye ni mutanen gidana. Ganin haka na zuba mata waƙoƙin mata na da, na kiɗan ƙwarya, a memori. Babban yayanmu ya tarar tana saurare, ya yi ta faɗa, ya zare memorin, ya ce tsohuwa mai jiran kabari carbi ya kamace ta ba kiɗa ba. Na ji a rediyo cewa Turawa suna warkar da ciwon damuwa da kiɗa. Gaskiya ne? In gaskiya ne, zai wadatar ba sai mun je Barnawa ba? Kuma ina da alhaki a abin da na yi?

Daga wata 'yar'uwa, Kaduna.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta, Ya ba Inna lafiya.

Da tambayarki ta biyu zan fara, domin ita ce mai gaggawa. A'a, ba zai wadatar ba. Takardar nan da likita ya rubuta, ki nemo ta duk inda aka cusa ta. Mace ta bar sana'arta, ta bar makarantarta, ta rame, barci ya riƙa guje mata tun tsakar dare, tana cewa me ya rage mata, kuma a haura shekara ana haka, wannan ya wuce kewar da kowace mai takaba ke yi. Baƙin cikin mutuwa zuwa yake yana lafawa: yau a yi kuka, gobe jika ya yi wata wauta a yi dariya. In ya zauna daram, ya hana ci da barci da shiga mutane wata da watanni, likitoci ciwo suke ɗaukarsa, ko dai ciwon tsananin damuwa, ko jimamin da ya ƙi sakin mai shi. Na biyun nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, kuma ba ta lissafa shi ciwo sai ya haura aƙalla wata 6. Wanne ne a jikin Inna, wannan aikin wanda zai zauna da ita ne ya yi mata tambayoyi ido da ido.

Amma abin da kika gani ran nan ba idonki ne ya yaudare ki ba, kuma abin da kika ji a rediyo yana da tushe, gutsure shi kawai aka yi. Jinya da kiɗa da waƙa fanni ne da ake karantawa a jami'a. Ya tsaya da ƙafafunsa ne a Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu, da aka lura sojojin da suka dawo a firgice suna samun sauƙi in makaɗa sun ziyarce su a asibiti, har Jami'ar Jihar Michigan ta buɗe masa kwas ɗin digiri na farko a 1944. Tun kafin su da ɗaruruwan shekaru, asibitin da sarkin Turkawa Bayazid na II ya gina a birnin Edirne, wanda aka kammala a 1488, yana amfani da kiɗa da sautin ruwa wajen jinyar masu taɓin hankali. Sai dai mai wannan aiki ba kunna wa majinyaci kaset yake yi ya kama gabansa ba. Zama yake yi da shi mako bayan mako, su rera tare, su buga tare, su tattauna abin da waƙar ta tono. A wani bincike da aka yi a Finland aka wallafa a 2011, an ɗauki mutum 79 masu ciwon damuwa, kowa ya ci gaba da jinyarsa ta asibiti, amma wasu aka ƙara musu zama har 20 da ƙwararre suna buga kayan kiɗa, ciki har da gangar jembe ta nan Afirka ta Yamma. Bayan wata 3 sun fi sauran samun sauƙi. A 2017 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tankaɗe da rairayar binciken likitanci ne, ta haɗa bincike 9 da suka ƙunshi mutum 421, ta ce ƙara wannan jinya a kan wadda aka saba yana rage damuwa da fargaba, aƙalla na wani ɗan lokaci. Ƙari aka yi, ba musanya ba. Waƙar kamar kunun da ake dama wa majinyaci ce: tana buɗe masa ciki, tana riƙe shi, amma ba ta hana a nemi maganin zazzaɓin.

Masu takardar shaidar wannan fanni 'yan ƙalilan ne a Najeriya, don haka ba zan aike ki neman wanda za ki sha wuyar samu ba. Misalin da ya fi kama da gidanku ma a Gambiya aka yi shi. Can akwai ƙungiyoyin mata da ake kira Kanyeleng, matan da suka sha fama da rashin haihuwa ko wabi, su ne masu raha da waƙa a tarukan mata. Masu bincike suka haɗa kai da su, suka riƙa zuwa asibitocin awo sau ɗaya a mako har mako 6, suna waƙa da masu juna biyu, ana bayarwa ana amshi. Mata 124 aka yi gwajin da su, aka wallafa a 2020, kuma alamun damuwa sun fi raguwa a jikin waɗanda suka yi waƙar fiye da waɗanda awo kawai suka yi. Ƙaramin gwaji ne na share fage, amma ya zo daidai da wanda aka wallafa a Landan a 2018, inda cikin mata 134 masu jego, waɗanda damuwarsu ta yi nauyi suka fi saurin farfaɗowa da aka haɗa su rukuni suna waƙa da jariransu na mako 10.

Duk waɗannan abu ɗaya ya haɗa su: mutum ne da bakinsa ko hannunsa, a cikin mutane. Shi ya sa a ganina memorin da ake ta rigima a kansa shi ne mafi ƙarancin amfani a duk labarin nan. Ki sake karanta wasiƙarki. Ranar da Inna ta ci tuwo ba waya ce ta yi waƙa ba. Ita ta yi, da jika a kafaɗa, ke kina zaune kina ji.

Ki duba irin tarbiyyar da aka yi wa iyayenmu mata. Duk shekarun da Inna ta yi da Baba, ina kyautata zaton ba ki taɓa jin ta kama sunansa ba. "Malam" ne, ko "mai gidan", ko "babanku". Matar da kunya ta hana ta faɗin sunan mijinta yana raye, ta yaya za ta buɗe baki gaban 'ya'yan cikinta ta ce tana kewarsa? Masu ta'aziyya sun zo sun cika tsakar gida, kowa "ya haƙuri", ita kuma "haƙuri sai ma'aiki", ko "da godiya". An watse, an raba gado, kowa ya koma harkarsa. Maganar tana nan a cikinta, ba ta sami ƙofa ba. Waƙar niƙa kuwa tun asali ƙofar irin wannan magana ce. Mace ta durƙusa gaban dutse, hannu na kai da komo, ta kira iyayenta da garinsu, ta yi wa kishiya habaici, ta yi ƙorafin uwar miji, duk gida ana ji kuma ba mai kama ta da laifi, ai waƙa ce. Injin niƙa ya zo ya hutar da gwiwa da ƙugu, Allah Ya saka wa wanda ya ƙago shi, amma ya tafi da wannan fili, kamar yadda siminti da tayil suka tafi da waƙar daɓe. Muka bar iyayenmu da "sai haƙuri" kawai.

Akwai kuma abin da ke faruwa a jiki. Mai waƙa dole ta ja numfashi ta riƙa sakinsa a hankali har ƙarshen baiti, kuma sakin numfashi a hankali yana saukar da bugun zuciya. Ga jijjiga jariri, jiki na lilo gaba da baya, abin da ke kwantar da yaro yana kwantar da mai riƙe da shi. Sannan waƙoƙin da mutum ya haddace a ƙuruciya su suka fi kama wuri a ƙwaƙwalwa, har tsofaffin da ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsu, waɗanda ba sa gane 'ya'yansu, sukan kawo baiti cikakke ba tuntuɓe. Waƙar Maƙarfi ta mayar da Inna lokacin da take 'yar gidansu, kafin ta zama matar wani, balle matar mamaci. Kukan da ta yi kada ya tsorata ki. Kukan da ake gamawa a wanke fuska a nemi tuwo ba shi ne abin tsoro ba. Shirun nan na ƙarfe uku na dare ya fi shi haɗari nesa ba kusa ba.

Batun alhaki. Ni ba malama ba ce, ba kuma zan yanke abin da malamai suka daɗe suna saɓani a kai ba. Gaskiya ne da yawa daga manyan malamai sun hana kayan kiɗa in ban da irin bandiri a lokacin biki. Gaskiya ne kuma wasu, irin su Ibn Hazm da Imam Gazali, sun sassauta, kowa da bayaninsa. Yayanku ba daga kansa ya ƙago maganar ba, kuma ke da kika yi don uwarki ta ci abinci ba mugun nufi gare ki ba. Sai dai ba kya buƙatar cin wannan muhawara kafin ki taimaki Inna, domin abin da ya yi mata aiki murya ce zalla, ba ganga ba ƙwarya. Bukhari ya ruwaito sahabbai suna rera baitoci suna haƙa ramin Handaƙ, Manzon Allah (SAW) yana amsa musu. Ya ruwaito labarin Anjasha mai yi wa raƙuma waƙa a kan hanyar tafiya. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu kuwa, idanun Manzo sun zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi. Nan ƙasarmu ma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, waƙar marsiyya ta yi da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, kuma da waƙa jajinta, wato matan da ta horar don koyarwa, suke karantar da matan karkara. Ba wanda zai ce ba ta san haƙuri ba.

Karatun Alƙur'ani ban sa shi cikin wannan lissafi ba, matsayinsa daban ne, a ci gaba da shi da addu'a. Abin da zan ce kawai, jika ya zo ya zauna gabanta ya biya mata haddarsa ya fi a kunna ƙira'a a waya a ajiye mata a ɗaki ita kaɗai a fita.

Yaya kuwa, kada ki tunkare shi da labarin Finland, ba zai saurare ki ba. In shi ne ɗan fari, ki tuna akwai alkunya tsakaninsa da Inna: ba za ta yi masa musu ba, ba kuma za ta bari ya ga rauninta ba. Wataƙila duk cikinku shi ya fi rashin sanin halin da take ciki. Shi ma uba ya rasa, aka kuma ɗora masa gida a ka, kuma namiji in ya rasa yadda zai yi da ciwon uwarsa sai ya kama abin da yake iya hanawa. Wannan ba ya wanke kalmar da ya faɗa. A ce wa matar da ke tambayar me ya rage mata "mai jiran kabari", tura mota ne a gangara, kuma dole wani ya faɗa masa. Amma ba ke ba. Ki sami Kawu, ko Gwaggo, ko malamin da yake ganin girmansa, ki zayyana musu komai: ramar, daren, kalaman da take yi, takardar likita. A ba shi nasa, wato ba kiɗa a gidan, ya riƙe memorin. Ke ki karɓi naki, wato a bar Inna da muryarta, kuma a kai ta asibiti. In aka tashi a haka ke kika ci ribar cinikin. In ma da hali, shi za a ɗora wa kai ta a motarsa, ya ji bayanin likita da kunnensa.

Yadda za ki ɓullo wa ita Innar yana da muhimmanci. Kada ki je ki ce, "Inna ki riƙa waƙa, an ce magani ce." Za ta ce kin mai da ita yarinya, ta rufe baki ruf. Ki je mata da buƙata. "Inna, yarinyar nan ta hana ni barci, waƙar nan ta ran nan ta ɓace mini, yaya ma farkonta yake?" Ki fara, ki ɓata baitin da gangan, ki bari ta gyara miki. Tsohuwa tana iya ƙin abinci, amma da wuya ta ji ana ɓata waƙar garinsu ta yi shiru. Ki tambaye ta wurin wa ta koya, wa ake yi wa habaicin, wace ce ta fi kowa murya a 'yan matan zamaninsu. Ciwon damuwa yana gaya wa mutum ba shi da sauran amfani, ke kuma kina nuna mata akwai abin da duk gidan ita kaɗai ta iya. Ki sa hannunta cikin wani aiki marar nauyi, tsintar shinkafa, ɓarar gyaɗa, zagar zogale, domin waƙoƙin nan da aiki aka haife su, kuma wanda idonsa ke kan faifai ya fi sakin baki a kan wanda aka zuba wa ido.

A tsayar da rana da lokaci, misali bayan la'asar sau biyu a mako, ko da minti 20 ne. Ɗorewar ta fi tsawon zaman amfani. Kuma kada ya tsaya a kanki ke kaɗai, kina da jego da gidan miji, daga Unguwan Rimi zuwa Tudun Wada kullum ba ƙaramin kuɗin Keke ba ne. Waƙarmu ta mata da amshi take tafiya. In Inna tana da ƙanwa ko 'yar ɗaki a Maƙarfi, ku haɗa kuɗin mota ta zo ta yi mako biyu, zai fi kwalin madara da lemon da kuke jibge mata. Ƙawayenta na Islamiyya su riƙa biyowa in an tashi, da ƙasidun da suke rerawa a aji da na bege in gidanku ana yi. Abu ɗaya zan roƙa a nan: waƙoƙin wa'azi masu zayyana azabar kabari da tsoratarwa, a ɗan jinkirta mata su. Gaskiya ne abin da ke cikinsu, amma an yi su ne don farkar da gafalalle, Inna kuwa ba gafala ke damunta ba. A yawaita mata na rahama da yabon Manzo.

Masu fannin jinya da kiɗa da waƙa suna da wata ƙa'ida, cewa a tarar da mutum inda yake. Wanda zuciyarsa ke a ƙuntace, in aka buɗe masa da waƙar biki mai zafi sai ya ji kamar ana yi masa dariya. A fara da mai sanyi, daidai da yanayinta, sannu a gangaro zuwa mai raha, ta wasan 'yan mata a dandali ko ta tsokanar jika. Kada a tashi a kan wadda ta sa ta kuka. Ma'auninki kuma shi ne abin da ya biyo baya, ba abin da ya faru lokacin waƙar ba. In bayan awa guda ta saki jiki, ta yi hira, ta ci abinci, an dace. In ta shige ɗaki ta juya wa bango fuska ta ƙi tuwon dare, wannan waƙar a ajiye ta tukuna, ki kuma faɗa wa likita. Waƙa tana iya tono abin da ta kasa rufewa. Na ga samari da 'yan mata da yawa da soyayya ta watse musu, sun toshe kunne da iyafis suna maimaita waƙar rabuwa guda har asuba, suna cewa tana rage musu zafi. Binciken da aka yi kan masu yawan saƙa da warwara ya nuna irin wannan saurare yakan ƙara dulmiyar da su ne. Haka masu tallar wani sauti a intanet, wai yana da lambar da ke wanke ƙwaƙwalwa ko ya warkar da damuwa cikin dare ɗaya, kada ki ba su ko sisi.

Mu dawo Barnawa, domin sunan ne ya tsaya wa yayyenki a wuya. A garin nan in an ce wa mutum za a kai shi Barnawa, tsokana ce ko zagi, mun taso muna ji. Amma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke can ba na masu yawo a bola kaɗai ba ne. Akasarin masu zuwa irin wannan asibiti kati suke yanka, su ga likita, su karɓi magani, su koma gida a ranar: mai farfaɗiya, mai rashin barci, mai jegon da hankalinta ya tashi, direban da aka sako daga hannun masu garkuwa ya kasa komawa kan titi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a ƙarshen mulkin Shugaba Buhari, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta tanadi haƙƙin majinyaci da mutuncinsa, ba kama mutum a kulle ba ne kamar yadda ake tsoro. In duk da haka sunan ya gagara haɗiyewa, asibitin koyarwa na ABU da ke Shika yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, kuma wanda aka gani a Shika ba mai tambayarsa wane sashe ya je.

Ku tafi da duk magungunan da take sha a leda, na hawan jini da na gargajiya da komai, kada a ɓoye ko ɗaya. Ki nemi a duba sugarta, da yawan jininta, da sinadarin ƙwayar wuyan nan da kan kumbura ta zama maƙoƙo, domin kowanne cikinsu yana iya kawo kasala da rama da mutuwar jiki mai kama da damuwa. Ki ambata in kin lura tana mantuwa, saboda a tsofaffi ciwon damuwa da ciwon mantuwa sukan yi kama da juna a farko, ciwon damuwar kuma yana warkewa. In an ba ta maganin damuwa, ku sani ba ya aiki rana ɗaya, yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin canji, wani lokaci ya fi haka, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi. Kuskuren da gidaje da yawa ke yi shi ne, da zarar tsohuwa ta fara dariya sai a ce ta warke a watsar, bayan wata biyu a koma gidan jiya. Ki tambaya kuma ko akwai mai zama da majinyaci a yi magana, domin jimami yana buƙatar wannan ko da an ba da ƙwaya. Ki faɗa wa likitan labarin waƙar niƙar nan, zai taimaka masa ya gane inda Inna ke da sauran ƙarfi. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a je kemis a sayo mata ƙwayar barci. Irin waɗannan suna kama jiki, suna sa tsoho jiri, ta tashi alwalar asuba ta zame a bayi, a koma jinyar karayar ƙugu.

Kalmar nan tata ta "me ya rage mini", kada ku saba da ita har ta zama kamar gaisuwa. Ki zauna da ita ku biyu, ki tambaye ta kai tsaye cikin ladabi: "Inna, kina jin kamar gara ki bi Baba? Kin taɓa tunanin yi wa kanki wani abu?" Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Kada ki ce ai mai salla ce ba za ta yi ba, ciwo ba ya duba wannan. In ta amsa da e, ko ta daina shan ruwa da maganin hawan jininta, ko ta fara rabar da kayanta tana sallama da mutane, ko ta ce tana jin Baba yana kiran ta, ko ta dage cewa ita ce sanadin mutuwarsa, to ba a jiran taron dangi, ranar za a kai ta asibiti. Tun yanzu ki kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga ɗakinta ba tare da kin yi shela ba.

Akwai abin da ba ki faɗa mini ba: wa ke kwana ɗakin Inna? In tun da 'yan zaman takaba suka watse ita kaɗai ce, a samu jika mai hankali ko wata 'yar'uwa ta koma can da shimfiɗarta daga daren yau, kafin ma a gama shawo kan Yaya. Ki sake rubuto mini bayan kun ga likita.